Baffa da Gidan Fatoma

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu tattara. Baffa ya cika wata Talata da hantsi, a gidan babban ɗansa da ke McLeansville, nan ƙasar Turawa, bayan ya sha kokonsa ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Kafin azahar motoci sun cika farfajiyar gidan sun malalo har bakin titi. Maƙwabcinsu, wani tsohon Bature mai kiwon kaji, da kansa ya fito ya buɗe shingen gonarsa ya ce a zuba sauran a can.

Ban san Baffa ya tara jama'a haka ba. Mutumin da Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, bai kuma taɓa riƙe sitiyari a ƙasar nan ba. Sai ga direbobin manyan motoci 'yan Damagaram, ga matan Kumasi masu shagon kitso a titin Wendover, ga ɗaliban jami'a da suka baro aji. Maza a gareji kan darduma, mata a falo. Duk wanda ya shigo, in ya gama addu'a, sai ka ji ya ƙara da cewa, "Ai ni a nan na fara sauka."

Akwai wani mutumin Filato, mai harhaɗa magunguna, yanzu dattijon coci ne a Pleasant Garden. Shi bai shiga garejin ba. A bakin ƙofa ya durƙusa, hularsa a hannu, hawaye na zuba. Ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya ce masa, "Shigo ciki mana, ga wuri."

Ya ce, "Bar ni a nan tukuna. Daidai nan na tsaya da akwatina ranar da na zo."

Shekarun baya ya sauka garin nan karatu, wanda zai tarbe shi ya kashe waya. Wani a shagon kayan miyan Afirka ya kwatanta masa gidan Yaya. Baffa ne ya buɗe ƙofa. Bai tambaye shi ɗan wane ne ba, ya karɓi akwatin, ya kai shi ɗakinsa, shi kuma ya koma falo ya yi mako shida a kan tabarma. In Lahadi ta yi sai ya buga masa ƙofa: "Tashi, yau ranar ibadarku ce." Sannan ya juya kan Yaya: "Ɗauko makullin mota ka kai shi. Baƙo ba ya rasa ibadarsa a gidana." Gidan na Yaya ne, amma ba wanda ya taɓa gyara masa wannan maganar.

Ni 'yar ƙaninsa ce. Ina shekara shida mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da nasa, ban taɓa jin bambanci ba. Jikokinsa na nan in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Wata rana za su so sanin wane ne tsohon nan da ke zama bakin taga yana ɓare musu gyaɗa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun abin bai dushe mini ba.

Ba a fahimtar Baffa sai an san gidan da ya haife shi. Kakanmu fatoma ne, wato mai saukar fatake. A tsohon birninmu, cikin ganuwa, ya gaji gida daga ubansa ya ƙara masa, har ya zama in ka hango shi daga nesa ka ce fadar wani sarki ce: zaure uku a jere, soro mai bene, katanga mai kaurin da mutum zai miƙe a kanta ya yi barci. Fataken goro daga Gwanja, Buzaye masu gishiri da kanwa, Larabawa masu turare, duk nan suke sauka. Akwai filin da ake durƙusar da raƙuma, akwai rijiya a tsakiya. A can ƙurya, gindin wata kurna, aka binne Kaka. Har yau unguwar ba ta da wani kwatance sai Gidan Fatoma.

Kowace shekara kafin damina magina suke zuwa yaɓe. Baffa tun yana ƙarami yake bin su, har ya iya kwaɓin ƙasa, ya iya jera azara, ya san makubar da ake shafe bango da ita don kada ruwa ya ci shi. Daga baya ya yi aiki a ma'aikatar ayyuka har ya yi ritaya, amma bai taɓa son bulo da siminti ba. Yakan ce, "Gidan ƙasa kamar tsoho ne, ba ciwo ke kashe shi ba, kaɗaici ne."

Bayan rasuwar matarsa Yaya ya kawo shi nan aikin ido, da niyyar wata uku. Wata uku suka zama shekaru. Duk gidan da ya shiga a garin nan sai ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kasa kunne. Ranar da na kama hayar ɗakina na farko na kai shi ya sa albarka, ya ƙwanƙwasa, ya dube ni da tausayi.

"'Yar Baffa, kwali ne fa aka shafa wa fenti. In kin yi atishawa maƙwabci zai ce yarhamukillahu."

Wata ɗabi'ar kuma, duk lokacin da matar Yaya za ta auna shinkafa sai ya leƙo kicin: "A ƙara na baƙo." Da farko abin yana ƙona mata rai, ta ce nan fa ba gida ba ne, mutum ba ya zuwa sai ya bugo waya. Ya ce to a ƙara na wanda bai da waya. Sau da yawa kuwa shinkafar ba ta kwana. Ranar ta'aziyya na ga tana auna shinkafa, ta tsaya, ta ƙara gwangwani ɗaya, sannan ta kifa kanta a kan kabad.

Shi kuwa Gidan Fatoma, a hankali ya watse. Wasu suka koma sababbin unguwanni, wasu Abuja, mu muka tsallako ruwa. Wadda ta rage a birni ita ce Gwaggo, autarsu Baffa, wadda mijinta ya rasu, tana zaune a wata unguwa. Duk Juma'a takan zo ta share tsakar gida ta yi wa Kaka addu'a. Wata damina soron gabas ya zube. Aka turo mana hoto: azara a tsaye cirko-cirko, awakin unguwa suna kiwo a ɗakin da aka ɗaura auren iyayena.

Ba a daɗe ba wani kamfani ya aiko da takarda. Suna so a ba su hayar gidan na shekaru masu yawa, su gyara shi su mayar da shi masaukin alfarma, irin wanda manyan matafiya ke kwana a ciki don su ce sun kwana a gidan tarihi. Dangi suka yi caa a waya. Kowa ya san Baffa ne babba, kowa kuma ya ɗauka shi zai fara cewa a'a. Sai ya yi shiru.

A lokacin ina karatu, ina kuma aikin karɓar baƙi a wani otal a Wendover. Wata Asabar na je gaishe shi, ya ce, "Ke da kike wannan sana'a, an ce Turawa ma suna yin haka da gidajen sarakunansu na da. Gaskiya ne?"

Na buɗe kwamfuta na nuna masa. Manyan gidajen dutse masu hasumiya a ƙasar Scotland da Faransa da Spain, waɗanda a da ake harbo kibau ta tagoginsu, yanzu an shimfiɗa gadaje a ciki, ana kai wa mutum shayi har ɗaki. Ni ina nuna masa fitilu da labule, shi kuma yana cewa, "Bar gadon nan, matso mini da indararon." Kusurwar bango yake dubawa, da inda ruwan sama ke bi.

"Masu gidan fa, suna ina?"

Na ce wasu zuri'arsu ta ƙare, wasu suna nan sun tsuke a wani ɓangare. Sai muka faɗa kan hoton wani da ba rufi, ciyawa ta fito ta taga, tumaki a ciki.

"Wannan fa?"

"Wannan ba wanda ya karɓe shi, Baffa."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce shi hoto ba ya gamsar da shi, yana so ya taɓa da hannu.

A ƙasar nan ba irin waɗancan na ainihi, amma can yamma cikin duwatsu akwai wani tsohon gidan dutse da wani attajiri ya gina tun da daɗewa yana kwaikwayonsu, shi ma an mayar da shi masauki. Muka yi tafiyar awa uku, ni da shi. Ya sa babbar riga ya ɗora jaket a kai. Shayi kawai muka sha a falonsu, Turawa na satar kallon hularsa. Ko rabin kofi bai sha ba ya miƙe ya zaga bayan ginin.

A can muka tarar da wani tsohon magini a kan tsani, yana cusa kwaɓi tsakanin duwatsu. Baffa ya tsaya a ƙasa yana kallo har mutumin ya sauko. Ya sa yatsa a bokitin, ya murza, ya shinshina.

"Tambaye shi, me ya hana shi sa siminti?"

Na tambaya. Mutumin ya ce farar ƙasa ce da yashi, siminti shaƙe tsohon bango yake yi, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita.

Baffa ya tafa hannu. "Kin ji ko! Faɗa masa mu ma haka ne. Faɗa masa shekara talatin ina gaya wa injiniyoyi suna mini dariya."

Daga nan ba su ƙara bukatata ba. Mutumin ya miƙa masa cokalin gini, Baffa ya naɗe hannun riga ya cike layi guda, ɗayan ya duba ya gyaɗa kai. Na zauna a kan dutse ina kallon tsofaffi biyu suna hira da hannu kusan awa guda. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya juyo ya dube ni.

"Zan sa hannu."

Washegari da safe ya kira Gwaggo. Yana jin magana da ƙyar, don haka kullum a buɗe yake sa waya, duk muna ji. Ko da ta haura saba'in, Auta yake kiranta.

Ta ce, "Alhaji, inda Baba ya yi shekara hamsin yana sallah, nan za ka sa a shimfiɗa wa wanda bai san alwala ba gado?"

"Auta, waɗanda Baba ya saukar duk masu alwala ne? Kin manta Kwaran nan Kirista mai sayen fata da ya yi wata uku a ɗakin kudu?"

"Wannan baƙunta ce. Wannan kuwa kasuwa ce."

"Gidan fatoma dama kasuwa ne. Da me kike zaton aka gina benen?"

"To ka haɗa musu da kabarinsa mana, su ɗauki hoto."

Na ga fuskar Baffa ta canja. Ya ce, "Ke da kike kusa, sau nawa kika sa aka yi yaɓe? Gidan a gabanki ya zube."

Sai Gwaggo ta kashe wayar. Duk mun san maganar ba ta yi daidai ba. Matar da ba ta da ƙarfi, wadda ita kaɗai ta riƙe tsintsiyar gidan shekara da shekaru. Shi ma ya sani, don da yamma ya ce mini, "Na yi wa Auta rashin adalci." Na ce to ya kira ta. Ya ce gobe. Baffa yana da taurin kai, ba zan ɓoye wannan don ya mutu ba. Goben nan ta kai wata guda, da ya kira kuma ta ƙi ɗauka. Shekara biyu ba su yi magana ba.

Bai sa hannun haka kawai ba. Ya ce a kewaye wurin kabari a fitar masa da ƙofa ta lungu, makulli a hannun dangi. Ya ce giya ba za ta shiga gidan ba, zauren farko kuma a bar shi a buɗe da randar ruwa, duk mai wucewa ya zauna ya huta. Sannan, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya tattara ya tafi gida ya yi rani guda a kan aikin. Ya nemo 'ya'yan maginan da ya sani, waɗanda yawancinsu sun koma acaba da dako. Ranar da aka sauke buhunan siminti a ƙofar gida, an ce kujera ya sa a kansu ya zauna tun safe har la'asar, har injiniyan kamfanin ya gaji ya sa aka kwashe.

Ba ko'ina ya yi nasara ba. Filin raƙuma ya zama wurin ninkaya. Rijiya aka rufe ta da gilashi aka sa mata fitila a ciki. Da ya dawo ya ce mini, "A kan rijiya kam an kayar da ni. Rijiyar da ba a jan ruwa, ai rami ce."

Bayan an buɗe masaukin da shekara guda ya sake komawa, kamfanin ya gayyace shi ya kwana. Ya iske wata yarinya sabuwar ma'aikaciya a teburin karɓar baƙi, ba ta san shi ba. Ta nemi fasfo, ya ba ta. Ta raka shi har ɗaki, ɗakin kuwa na Inna ne, mahaifiyarsu, inda aka yanke masa cibiya. Tana tafe tana ba shi tarihi.

"Baba, wannan ɗakin uwargidan mai gidan ne a da. A sunkuya, ƙofar gajera ce."

Ya sunkuya ya ce, "Na gode, 'yata."

Da yake ba ni labari na ce, "Haba Baffa, me ya hana ka gaya mata?"

"Aikinta take yi, kuma ta iya. Ni kuma ban taɓa zama baƙo a gidan nan ba, na so in ji yadda abin yake."

"To yaya yake?"

"Katifar ta cika laushi, a ƙasa na kwanta. Da asuba na kasa kunne ko zan ji daka. Ba daka, ba hayaƙi, ba kukan yaro. Gidan yana tsaye, 'yar Baffa, ya fi yadda na san shi kyau. Amma ba namu ba ne. Na san haka tun ranar da na sa hannu. Zaɓi biyu aka ba ni, ya rayu a hannun wasu ko ya mutu a hannunmu."

A wannan tafiyar ce ya je gidan Gwaggo ba sanarwa. Ya zauna a zaurenta. Ta aiko da ruwa, ta aiko da fura, sai can ta fito ta tsuguna daga gefe. Ya ce, "Auta, maganar yaɓen nan, ban kyauta ba." Ta ce, "Ya wuce." Ya ciro makullin ƙofar kabari ya ajiye a gabanta. Tun daga nan suka koma waya duk Juma'a, su yi ta hirar wanda ya mutu da wanda ya haihu. Amma maganar gida ba mai tayar da ita. Ta lungu take shiga ta gaida Kaka ta fito. Babbar ƙofa kuwa ta rantse ba za ta taka ba.

Shekarunsa na ƙarshe ba hayaniya. Gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Ya shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gidan Yaya, yana faɗa da barewar da ke shigowa ta cinye masa. Ya bar wasiyya kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa, inda ya faɗi nan za a sa shi. Haka aka yi. A maƙabartar Musulmi ta garin nan aka kai shi, mutanen da ya saukar suka yi ta karɓar makara hannu da hannu.

Washegarin sadakar uku da safe Gwaggo ta kira ni. Muryarta ta dushe. Ta ce mutanen masaukin sun zo mata gaisuwa, manajan da ma'aikata har da maginan nan. Suka ce sun kwashe kujerun tsakar gida sun shimfiɗa tabarmi, in tana so ta zo ta karɓi gaisuwa a gidan ubanta, tunda nata gidan ba zai ɗauki jama'a ba.

Na ce, "Kin je, Gwaggo?"

"Ya zan yi? Mutane sun yi yawa. Na yi kaffarar rantsuwata na shiga."

Ta ce maza suka cika zaure uku, mata suka cika tsakar gida, har wasu baƙin masaukin suka cire takalma suka zauna a gefe ba su san ma wa ake wa addu'a ba. Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, mata suka ruga ɗakin Inna.

"Kin san kusurwar nan ta yamma? Ke ba ki sani ba, ba a haife ki ba. Tun ina yarinya take yoyo. Magini ba wanda bai taɓa ta ba. In hadari ya taso Inna ƙwarya take tarawa, ni ce mai zubarwa. To jiya sai na zauna na zuba wa kusurwar nan ido. Ana ta yi mini gaisuwa ina amsawa, idona yana can. Har ruwa ya ɗauke."

Ina jin numfashinta a waya.

"Ko ɗigo, 'yar nan. Ko ɗigo." Ta ja hanci. "Ya iya aiki. Taurin kai ne dai, Allah ya jiƙansa."

Amin, Gwaggo. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi baƙuncinsa fiye da yadda ya karɓi na bayinsa. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da kyau.